Ni na riƙe tsani aka cire rufin ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata firamare a Gusau ba, ina haya a Damba, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu. Ni da matata muna ɗaki ɗaya, mahaifiyata tana ɗayan. Daga Nahuce na ɗauko ta bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki, don ta kasance kusa da asibiti. Tana magana, tana cin abinci da hannunta na dama, amma ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

Mai gidan ba baƙo ba ne. Abokin mahaifina ne marigayi, mutumin Bungudu, tare suka yi fataucin hatsi tun ba a haife ni ba. Mutane Alhaji suke ce masa, ni Baba nake ce masa. Ranar da na kama gidan na ɗan yi maganar a rubuta wani abu, sai ya dube ni kamar na zage shi.

“Takarda tsakanina da kai? Ni da ubanka tare munka tashi. Kai ɗana na. Shiga gida ka zamna.”

Kunya ta kama ni har na ba shi haƙuri. Duk shekara nakan hau mashin ɗina in je Bungudu in durƙusa in miƙa masa kuɗin haya, ya sa mini albarka, in dawo ina jin ni wani mai gata ne. Abokan aikina suna kukan masu gidajensu, ni ina yi musu wa'azi cewa su riƙa neman gidan mutanen kirki.

To sai aka gyara hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu. Kafin ka ce me, maƙwabta sun fara fasa katanga suna fitar da shaguna. Ni ban kawo komai a raina ba, don hayar shekarar na riga na biya, da sauran watanni masu yawa a gaba.

Wata Asabar a ƙarshen bazara, ana irin zafin nan da ke gaya maka ruwa ya kusa, sai ga Baba da kafintoci biyu. Ya shiga ya gaida Inna, ya tambayi jiki, har ya ajiye mata ledar lemo. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama yana girgiza kai.

“Kwanon ga ya tsuhwa. Ba ni bari damina ta iske matar abokina cikin ɗaki mai yoyo. A cire shi yau, gobe-jibi sabo na tahe daga Kano.”

Jama'a, ku ji abin da na yi. Godiya na yi. Tsanin kafintocin yana ɗan girgiɗi, sai na tuɓe riga na riƙe musu shi da hannu biyu. Suna ɓamɓaro kwano suna miƙo mini, ina jerawa a jikin katanga. Na sayo musu ruwan sanyi da fura da kuɗina. Da aka gama, Baba ya ce kada ɓarayi su kwashe tsohon kwanon, gara a kai shi Bungudu a ajiye. Ni na tare mai a-kori-kura, ni na taya lodi. In da ana ba da lambar yabo ta wauta a Zamfara, ba na jin wani zai kusa da ni a shekarar.

Gobe ta zo, jibi ta zo, babu kwano. Na kira shi a waya, ya ce mota ta lalace a hanya. Na sake kira, ya ce farashi ya tashi, ana jira ya sauka. Daga nan wayar ta daina shiga. Abin da ya rage tsakanin mahaifiyata da sararin samaniya shi ne silin na kwali da katakon da aka bari tsirara. Na aro tamfol na shimfiɗa a kai, na danne da bulo, ina lallashin kaina cewa dattijo ba zai yi ƙarya ba. Matata kuma a lokacin tana gidansu a Wonaka tana wankan jego, saboda haka in na fita, Inna ita kaɗai ce a gida sai maƙwabta da ke leƙa ta.

Da na ga hadari ya fara haɗuwa kullum da yamma, sai na tashi daga makaranta wata rana na wuce Bungudu kai tsaye. Aka ce mini ya fita. Motarsa tana ƙofar gida, takalmansa suna bakin zaure, amma ya fita. Na zauna a kan dakali ina jira kamar mai neman sadaka. Ina nan zaune na ga gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen Gusau, iska ta taso mai sanyi. Na buga mashin na kama hanya, ruwa ya tare ni tun ban yi nisa ba, irin ruwan farko mai zuwa da iska kamar yana da bashin gaba da mutane.

Da na iso gida, tamfol ɗin yana rataye a jikin wayar lantarki. Na faɗa ɗakin Inna. Silin ya jiƙe ya rufto a kan gadonta, katifa tana tsiyayar ruwa, magungunanta suna yawo a ƙasa, ita kuma babu ita. Ban san lokacin da na fara ƙwala kira ba.

Maƙwabciyarmu ce ta amsa daga can ƙetaren katanga. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, gidanta yana jikin namu. Ta dawo daga aiki ke nan ta ji Inna tana salati da ƙarfi, ta shigo ta tarar da ita kwance, kwali a kan ƙafafunta, ruwa yana dukan fuskarta, ba ta iya ko juyawa. Goya ta ta yi a baya kamar jaririya ta kai ta ɗakinta. Na shiga na same ta an canza mata kaya, an lulluɓe ta da bargo, haƙoranta suna kaɗawa. Ta dube ni, abin da ta fara cewa shi ne, “Kai ma ka jiƙe, tahi ka sake riga.”

Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma fushin bai zo ba sai washegari, da na je na samo ɗaya daga cikin kafintocin a inda suke zama. Na tambaye shi yaushe za su zo su buga sabon kwano. Ya dube ni da mamaki na gaske.

“Wane sabon kwano, Malam? Mu cirewa anka ce mu yi. Ai shaguna za a yi wurin. Mu mun ɗauka kun san da maganar, tunda kai kar riƙe muna tsani.”

Ashe kunya ce ta hana Baba ya dubi idona ya ce in tashi. Kunyar ba ta hana shi yaye rufi a kan mace mai shanyewar jiki a bakin damina ba. Ya zauna ya lissafa cewa ruwa zai yi masa aikin da bakinsa ya kasa, mu kwashe kayanmu da kanmu, shi kuma ya ci gaba da zama mutumin kirki, abokin marigayi. Har da ledar lemo.

Na dawo ina huci na gaya wa Inna zan kai shi ƙara. Ta ɗaga hannun nan nata mai lafiya.

“Kul! Ba ka kai abokin ubanka kotu ina da rai. Mi za a ce da mu Nahuce? A ce ɗan wane ya tsai da dattijo gaban alƙali?”

“Inna, ya kusa kashe ki fa.”

“Bai kashe ni ba. Tahi wurin baffanka, manya su yi magana.”

Na bi umarni. Na je Tsafe wurin baffana, ƙanen mahaifina. Ya saurare ni yana taunar goro, ya ce abin bai yi daɗi ba, sannan ya ce, “Ka yi hanƙuri. Mai hanƙuri shi ka dahwa dutse. Alhaji ya yi ma gidanmu alheri da yawa.” Na dawo na je wurin mai unguwa. Shi ma ya jajanta, sannan ya ce, “To, Malam, gidanai na. In ya so ya cire kwano, in ya so ya rushe. Ka nemi wani wuri kawai.” Limaminmu ya ce zai yi masa magana in sun haɗu. Ban sani ba ko sun haɗu har yau.

Duk wanda na je wurinsa, ni yake ba haƙuri. Babu wanda ya ce bari in je in ce wa Alhaji ya ji tsoron Allah. A garinmu haƙuri kaya ne da ake ɗora wa wanda aka riga aka danne, saboda shi ne ba zai iya turewa ba. Inda baki ya karkata, nan yawu kan zuba, kuma ba ya taɓa karkata wajen malamin firamare mai tsohon mashin.

Ana cikin wannan yawo, Inna tana ɗakin maƙwabciya, tari ya kama ta mai tsanani. Ni kuma, da yake ɗakina ma babu rufi, ina kwana a shagon wani abokina tela, wanda kullum sai ya tsokane ni cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kayanmu suna tsakar gida a ƙarƙashin leda suna funfuna. Na fara neman wani gida, amma wa zai ba ka gida a farkon damina alhali kuɗinka na shekara suna aljihun wani?

Maƙwabciyar ce ta gaji da ni. Wata safiya na zo gaida Inna, ta tare ni a ƙofa, ta riƙe ƙugu.

“Malam, ni ban gaji da Mama ba, ko shekara za ta yi a ɗakina. Amma wannan haƙurin da kake ta yi, ba kai kake biyansa ba, ita ce. Ka ji tarin da take yi kuwa?”

Na ce mata an hana ni zuwa kotu.

“Wa ya ce ka je kotu? Akwai ofishin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi, kyauta suke yi. Su sukan fara kiran mutum a zauna a yi sulhu. Mama kotu ta hana ka, ba ta hana ka tambaya ba.”

Ni da nake koya wa yara darasin haƙƙin ɗan ƙasa a aji, ban taɓa sanin da wannan ofishi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Na tafi ina ɗari-ɗari, don a tunanina lauya sai mai kuɗi, kuma abin da za a fara tambayata shi ne takardar haya, wadda ba ni da ita.

Wata lauya na samu, mace mai sanyin magana. Na zayyana mata komai, har da tsanin, ina sunkuyar da kai. Ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata da wannan. Ta ce rashin takarda bai hana ni zama ɗan haya ba, tunda ina biya, kuma unguwa duka ta san ina zaune a gidan. Ta ce gida nasa ne, gaskiya ne, amma muddin hayata ba ta ƙare ba, zaman gidan haƙƙina ne. In yana son gidansa, doka ta shimfiɗa masa hanya: ya ba ni sanarwa a rubuce, ya ba ni wa'adin da ya dace da irin hayata, in na ƙi tashi ya je kotu, kotu ce kaɗai za ta fitar da ni. Cire rufi, ko cire ƙofa, ko watsar da kayan mutum waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma ana iya sa shi ya biya ɓarnar da ya jawo.

Abin da manyan gari suka ce mini ikonsa ne, ashe laifi ne mai suna. A wurin ne fushina ya sauya kama. Da can fushin mai rauni nake yi, irin wanda ake yi a ciki ana murmushi. Daga ranar ya zama fushin wanda ya san an cuce shi kuma ya san akwai inda za a ji shi.

Suka aika masa da gayyata. Na ɗauka ba zai zo ba, sai ga shi ya zo, cikin babbar riga mai aiki, da carbi a hannu, da wani ɗansa yana riƙe masa jaka. Na tashi na gaishe shi, don jikina ya saba. Bai dube ni ba. Ya zauna ya fuskanci lauya.

“Hajiya, wagga magana ta cikin gida ta. Yaron ga ɗana na. Gyara ni kai mashi, kuɗɗi sunka yanke. Kuma ku tambaye shi, wa ya riƙe tsani? Wa ya yi lodin kwano? Da yardarshi anka yi komi.”

Kun ji. Alherin da na ɗauka yana yi mini, da ladabin da na yi masa, su ya ɗauko ya mai da makami. Ban taɓa ɗaga murya a gaban sa'an mahaifina ba sai ranar.

“Baba, na riƙe tsani don ka ce ba ka son ruwa ya taɓa matar abokinka. Ruwan ya taɓa ta. A kan gadonta silin ya faɗo, tana kwance ba ta iya motsi. Ina zaune ƙofar gidanka ranar, takalmanka suna bakin zaure, aka ce ka fita. Da ka ce mini in tashi, wallahi da na tashi, ko a bayana ne in goya ta. Me ta yi maka?”

Ɗansa ya taso zai yi magana, lauya ta ce ya zauna. Ta juya wajen Baba cikin ladabi, ta ce yardar da na bayar ta gyara ce, ba ta kora ba, kuma kafintan da ya yi aikin ya riga ya faɗi abin da aka umarce shi. Ta ce zaɓi biyu ne. Ko a mayar da rufi da silin cikin 'yan kwanaki da kuɗinsa, in ƙarasa hayata lafiya, sannan ya ba ni sanarwa yadda doka ta ce, ko kuma magana ta wuce gaban alƙali, a can kuma ba maganar kwano kaɗai za a yi ba, har da abin da ya samu mara lafiya.

Ya ci gaba da jan carbi. Ba nadama na gani a fuskarsa ba, lissafi na gani. Da ya gama lissafinsa ya ce, “A mai da kwano.” Yana fita ya tsaya kusa da ni, ya ce a hankali, “Ubanka bai yi mani haka ba.” Na ce, “Kai ma ba ka yi masa haka ba yana da rai.”

An mayar da rufin. Tsohon kwanon nan dai aka dawo da shi daga Bungudu, sabon na Kano har yau yana hanya. Aka liƙe ramukan ƙusa da kwalta, aka buga sabon silin. Muka zauna har hayarmu ta ƙare, aka kawo sanarwa a rubuce, wa'adi ya cika, muka tashi da ƙafafunmu da rana tsaka, ba ruwa ne ya kore mu ba. Yanzu shaguna ne a wurin.

Ga masu bibiyata da ke zaman haya, abin da zan ce muku kaɗan ne. Mai gida ba shi da ikon fitar da kai da hannunsa, ko da ba ku rubuta komai ba, ko da ɗan'uwanka ne, ko da shi ya yanka ragon sunanka. In aka ce za a yi gyaran da zai taɓa rufi ko ƙofa, ka ga kayan gyaran a ƙasa da idonka kafin a zare ƙusa ɗaya. Kuma akwai lauyoyin da ke sauraron talaka ba tare da ya biya ba, ka tambaya a garinku, kada ka tsaya yawon gidajen masu ba da haƙuri kamar yadda na yi. Neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne. Mu ne aka raina da tarbiyyarmu, aka san ba za mu iya buɗe baki ba, shi ya sa ake yi mana abin da ba za a yi wa baƙo ba.

Inna ba ta ji daɗin abin da na yi ba. Da labari ya kai mata ta ce, “Ba ka kai shi kotu ba, amma ka sa an kira shi awa yaro.” Ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice. A dangi kuwa na zama yaron nan mara kunya da boko ya ɓata, har yau akwai gidajen da in na shiga ake sauya magana. Ban damu ba. Ta koma ɗakinta, ta kwana a ƙarƙashin rufi, wannan shi ne abin da na je nema.

Tarin dai bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Ba zan ce shi ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare, kuma ta yi shekaru bayan haka. Amma ni na riƙa jin tarin nan ta bango, kuma na san ranar da ya fara.

A ciwonta na ƙarshe ta kira ni, ta kama hannuna. Ta ce ita ta yafe wa Alhaji tuntuni, duniya da lahira, kuma tana so ni ma in yafe masa. Na ce to, don ba a yi wa mara lafiya gardama. Ta dube ni, ta san ɗan da ta haifa, ta ce, “Ba da baki ba.”

Allah Ya ji ƙanta. Duk abin da ta taɓa sa ni na yi mata shi, wannan ne kaɗai ya rage. Ina ƙoƙari, Allah Ya sani. Amma har yau ban iya ba.